Ruwan Ɗauraya

Ranar da suka fara haɗuwa, Auta tana tsugune a bayan ɗakin wankin otal, ta tara jarka a ƙarƙashin wani bututu mai yoyo. Wata uku ke nan tana wannan sana'a a ɓoye. In ta zo aiki da safe sai ta ajiye jarkar, ruwa ya yi ta ɗiga, kafin a tashi ta cika, ta ɗauka ta kai gida. Ba ta ji takun kowa ba, inuwa kawai ta gani ta rufe ta. Da ta ɗago, sai ga wani dogon saurayi cikin shuɗiyar rigar masu gyara, sufana a hannu, littafin mita a hammata.

Ya yi sallama, ya ce shi ne mai gyaran famfo, an turo shi ya toshe wurin nan, domin mita ta nuna ruwa yana zurarewa. Ta miƙe tana goge hannu a jikin riga.

"Don Allah, malam, ka bar shi sai gobe."

"Gobe me zai faru?"

"Gobe ma sai in sake roƙonka."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya dubi jarkar, ya dubi hannuwanta da sabulu ya cinye, ya tambaye ta ko a unguwarsu babu ruwa ne. Ta nuna masa katangar otal ɗin da haɓa, ta ce gidansu yana bayanta. Nan take dariyar ta bar fuskarsa. Ya ƙwanƙwasa bututun sau biyu da sufana, ya yi ɗan rubutu a littafi, ya ce irin ƙarfen da ake haɗa wannan bututu da shi babu shi a sito, sai an yi oda, kuma oda a otal ɗin nan tana da nawa.

Wanda bai taɓa shiga bayan otal ba bai san yadda ake wulaƙanta ruwa ba. Ɗakuna ɗari da ashirin, ga wurin ninƙaya da ake cikawa ko da mutum biyu ne za su shiga, ga ciyawar ado da ake yi wa feshi da tsakar rana, rabin ruwan ya bi iska. Janareta biyu suna ruri don a sanyaya ɗakunan da ba kowa a ciki. A kowane banɗaki an rataye ɗan kati mai hoton ganye, ana roƙon baƙo ya sake amfani da tawul ɗinsa don a ceci muhalli. Baƙi da yawa suna bin maganar, amma Manaja ya ce a kwashe duka a wanke, kada wani ya ce otal ɗin na da ƙazanta. Su Auta ne ke zuba su cikin injina uku, wasu ko jiƙewa ba su yi ba.

Duk wannan ruwa daga rijiyoyin burtsatse uku yake fitowa. Da aka haƙa ta ukun, wadda ta fi sauran zurfi, rijiyoyin unguwa suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Ta lambun mahaifin Auta ce ta ƙarshe da ta ƙafe. Baba ya yi shekara talatin a lambun nan, yana shuka tumatir da albasa da alayyafo. Amma abin da ya fi ƙauna shi ne jerin bishiyoyin lemo guda bakwai da marigayiya Inna, mahaifiyar Auta, ta dasa da hannunta. Ruwan jarkar Auta a gindinsu yake ƙarewa, kofi-kofi, kamar ana ba mara lafiya magani.

Ma'aikata suna kiran saurayin nan Injiniya, ko da yake shi kansa yakan ce iyakar karatunsa sufana ce da filaya. Odar ƙarfen nan ta yi wata biyu ba ta iso ba, shi kuwa kullum sai ya zo duba lafiyar bututun. Matan ɗakin wanki suka gano shi tun a mako na farko. Da sun hango shuɗiyar riga sai su fara tambayar Auta ko yoyon ne ya ƙaru, ita kuma ta sunkuyar da kai tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. Daga baya ya fara ɗaukar mata jarkar har bakin layi. A nan ya karɓi lambarta, bayan ya yi ta kame-kame cewa saboda aiki ne.

Saƙonsa na farko da yamma ya shigo: "Barka da hutawa. Na duba mitoci goma sha ɗaya yau, duk lafiya. Ni ne dai ban san me ke damuna ba, sai na ga kamar ranar ba ta cika ba in ban biyo ta bayan ɗakin wanki ba."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa: "Ka je asibiti, Injiniya. Mu wanki muke yi, ba ma duba marasa lafiya."

"Na je. Sun ce maganina yana wurin mai jarka. Ki taimaka, Sanyina."

Daga ranar sunan ya zauna. Ita kuma ta ƙara wa nasa gaɓa ɗaya, ya zama Injiniyana. Tana son shi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda yake sauraron inji da kunne kafin ya taɓa shi, da yadda ba ya iya wuce famfo yana zuba bai rufe ba, ko a gidan wa yake.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da su tun rasuwar Inna, ita ta shirya masa zuwa gaisuwa. Ya sa kayansa masu kyau, ya sami Baba a lambu, ya durƙusa. Baba ya amsa gaisuwar, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya san fuskar nan. Ranar da aka zura famfo a rijiya ta uku, yana tsaye a kan tsani yana tsinkar lemo, ya ga komai ta saman katanga. Ya tambaye shi ko ba shi ne mai riƙe da igiya ba. Injiniya ya ce shi ne, aikinsa ne aka sa shi.

"Na sani, aikinka ne. Ni ma nawa aikin ke nan da kake gani yana bushewa. Tashi ka tafi, yaro, ban da abin ba ka."

Auta tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, Gwaggo tana lallashinta tana cewa yayanta zuciya gare shi amma ba mugu ba ne.

Kwana kaɗan da haka sai ga Mai Tanka. Mutum ne mai motocin ruwa biyu, wanda ƙafewar rijiyoyin unguwa ta zame masa alheri, har ya yi tumbi. Ya daɗe yana haska wa Auta fitilar mota in ta wuce, ba ta taɓa juyowa ba. Da ya ji an kori mai gyaran famfo, sai ya zo da kansa ya juye wa Baba rabin tanka a lambu, ya ce kyauta ce, ai an zama ɗaya. Kafin ya tafi ya bar wa Gwaggo saƙo cewa in aka ba shi Auta, lemon nan ba zai ƙara jin ƙishi ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bai taɓa yi wa 'yarsa dole ba, amma Auta ta ga yadda ya tsaya yana kallon ƙasa tana shan ruwa, ta san inda zuciyarsa ta karkata.

Ta rubuta wa Injiniya: "Injiniyana, ina tsoro. Baba ba zai tilasta ni ba, amma in lemon Inna ya mutu saboda na ƙi mutumin nan, da wane ido zan dube shi?"

Ya amsa: "Ki ba ni mako biyu, Sanyina. Kullum ina kallon ruwan da zai ishi lambu goma yana bin kwata. Ba zan bari a saye ki da rabin tanka ba."

Dabararsa mai sauƙi ce. Kowane injin wanki yana ɗauraye kaya sau uku, kuma ruwan ɗaurayar ƙarshe kusan fari tas yake fita. Ya zana yadda za a tare shi, a bi da shi ta cikin durom uku, na tsakuwa da na yashi da na gawayi, a huda katanga a kai shi lambu. Ya kai wa Manaja takardar. Allah ya sa a lokacin otal ɗin yana neman wata shaidar kula da muhalli da ake liƙawa a bakin ƙofa, sai Manaja ya ga ai wannan abin ɗaukar hoto ne. Ya sa hannu, da sharaɗin cewa in wani abu ya faru, ba ruwan otal.

Abu ɗaya ne duromomin ba sa iya tacewa, shi ne bilic da sinadarin cire tabo da ake zuba wa fararen kaya. Don haka suka yi ƙa'ida tsakaninsu. Makullin bututun yana can ɗakin famfuna, inda Injiniya kaɗai ke shiga. In tawul ake wankewa da sabulu zalla, Auta za ta tura masa "A buɗe." In za a zuba fararen kaya, ta tura "A rufe," ya juya ruwan zuwa kwata.

Baba ya ƙi da farko, ya ce bai roƙi dauɗar baƙi ba. Gwaggo ce ta tsaya masa a kai, ta ce lemo bai san baƙo ba, ruwa ya sani. Ranar da ruwan ya fara zuba, Baba ya tara a tafin hannu ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Bai yi godiya ba. Ya ce wa Gwaggo ta gaya wa yaron nan, in bishiyoyin suka kai damina da ransu, ya turo manyansa.

Mako shida aka yi cikin daɗi. Lemo ya yi sabon toho, Baba ya sake yin kwamin alayyafo, har an ji shi yana 'yar waƙa yana sassabe. Mai Tanka ya rage zuwa. Saƙonnin "A buɗe" da "A rufe" suka zama hanyar zance, domin Injiniya ba ya amsawa da kalma ɗaya. Wata rana ya rubuto: "An buɗe, ranki ya daɗe. Saura kwana hamsin damina, na ƙirga. Ki fara tunanin launin labule."

Sai aka yi wani babban taro a otal ɗin, na kwana uku, baƙi ɗari huɗu. A rana ta biyu kayan tebur suka sauko ɗakin wanki tuli guda, farare duka, sun sha mai da shayi. Tun da sassafe Auta take tsaye. Ta riga ta tura "A buɗe" saboda tawul ɗin safe. Da shugabar wanki ta ce a ninka bilic a zuba fararen, Auta ta ciro waya ta rubuta "A rufe." Daidai nan inji na biyu ya fara jijjiga yana tafiya da kansa, shugaba ta daka mata tsawa ta zo ta riƙe, ta jefa wayar a aljihu ta ruga. Shi kuwa Injiniya ranar janareta ɗaya ya tsaya, yana can yana taya masu wuta fama. Ya duba waya sau biyu, bai ga saƙo ba, ya ɗauka tawul ake ta yi.

Zubi tara aka yi a ranar. Sai da aka tashi, tana zaune a benci tana cire takalmin roba, ta ciro wayar. Kalmomin biyu suna nan a inda ta rubuta su, ba su tafi ba.

A guje ta same shi a ɗakin famfuna, ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya juya ya rufe makullin. Ta ce za ta je ta gaya wa Baba yanzu. Ya tare ƙofa, ya ce ta saurare shi.

"In ya ji ni ne na yi laifin, zai ce dama ɗan otal ne, ya tsane ni ya huta. In ke ce, wa zai tsana? Lemon mahaifiyarki ne, Sanyina. Ba zai iya ɗauka ba, ke ma ba za ki iya ba. Ki bar mini."

Ta san bai kamata ta yarda ba. Amma tsoro ya fi ƙarfinta, ta yi shiru, shirun nan kuwa shi ya zame mata ciwo daga baya.

Alayyafo ya kwanta washegari. Injiniya ya roƙi Manaja a ba shi ruwa mai kyau ya wanke ƙasar, Manaja ya ce baƙi ɗari huɗu suna wanka, ba shi da ɗigon da zai bayar. Da ya ji abin da ya faru kuma, ya sa aka yanke bututun aka toshe hudar katangar da siminti a ranar, ya ce dama ya faɗa. Bishiyoyin da suka shekara biyu suna wahala ba su da ƙarfin jurewa. Cikin mako guda bakin ganyen ya ƙone, ya koma rawaya, ya fara zuba.

Injiniya ya je da ƙafarsa ya durƙusa a gaban Baba, ya ce an turo masa saƙo, shi ne ya manta bai rufe ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce da farko ya ƙafar masa da rijiya, yanzu ya shayar da matarsa guba, domin shi in ya dubi lemon nan ita yake gani. Abu ɗaya ya roƙe shi, in yana jin tsoron Allah, ya fita hanyar 'yarsa, ko a waya. Injiniya ya yi alkawari. A makon ya nemi a mayar da shi wani reshen otal ɗin a can ƙarshen gari.

Auta ba ta san da alkawarin ba. Ta yi ta tura saƙo ba amsa. "Injiniyana, ka yi mini magana ko zagi ne." Shiru. Bayan kwana biyu ta sake: "Na san ni na jawo maka. In ka daina sona ka faɗa mini, zan fahimta." Shiru. Ta yanke a ranta cewa ya auna abin da ta jawo masa ya ga ba ta kai ba. Wani sabon mai gyara ya zo ya toshe yoyon bayan ɗakin wanki cikin minti goma, ba ta ko roƙe shi ba.

Ta rame, wuyanta ya fito. Mai Tanka ya dawo da ƙarfinsa, ya juye tanka guda cur a gindin itatuwan da suka riga suka mutu, yana ta bayani da babbar murya a kan sharrin yaran zamani. Auta ta fito ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya daina wahalar da motarsa, ba za ta aure shi ba ko an shekara. Ya tafi yana ƙunƙuni, bai sake dawowa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Baba ya ƙara tausaya mata. Yakan ce ta ci abinci, ta gode wa Allah da ya nuna mata halin yaron tun kafin a yi nisa. Kowace kalma mai taushi da ya faɗa mata sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Ta ƙetaren katanga kuma feshin ciyawa bai fasa ba ko rana ɗaya.

Damina ta zo a kan lokacinta. Baba ya jira ruwa uku, yana fita kowace safiya yana kankare ɓawon itatuwan da farce ko zai ga kore. Bai gani ba. Ran nan ya wasa gatari. Auta tana tsaye ya sare na farko, ya sare na biyu, yana hutawa tsakani saboda numfashi. Da ya kai kan na bakwai, wanda Inna ta dasa shekarar da ta haife ta, Auta ta zo ta durƙusa tsakaninsa da itacen, ta miƙa masa waya da hannu biyu. Tun ranar ta ɗauki hoton kalmomin a wayar, ba ta taɓa goge shi ba.

"Baba, ba a tura masa saƙon ba. Ga shi nan. Ni ce na rubuta ban tura ba. Ni na kashe lemon Inna, shi ya ce in bar masa."

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta. Ya mayar mata, ya jingina gatarin, ya zauna a kan kututture. Ta jira faɗa, ta jira ko mari, ba ta samu ba. Hawaye ne kawai ta ga suna bin gemunsa, abin da ba ta gani ba tun ranar jana'izar Inna. Can ya tambaye ta tun yaushe take ɗauke da wannan ita kaɗai. Ta ce wata biyu da kwana tara. Ya ce ta shiga gida.

Kwana uku bai yi maganar ba. Ya sare na bakwai shi kaɗai, ya tara itacen a gefe. A rana ta huɗu ya kira Gwaggo, Auta tana jin su daga ɗaki. Ya ce maganar rijiya tana nan a ransa, ba zai yi ƙarya ba, amma ya yi tunani ya ga da yaron ya ƙi riƙe igiyar, da wani aka ba. Ya ce lemon ma ba rana ɗaya ta kashe shi ba, shekara biyu ana kashe shi, 'yarsa dai tsautsayi ya sa ta zo a ƙarshe. Sannan ya ce shi ya zagi mutum a kan laifin da bai yi ba, mutumin yana durƙushe bai buɗe baki ya kare kansa ba, kuma ya sa shi alkawari ya cika. Irin wannan ba a barinsa ya wuce. A nan ne Auta ta fara jin labarin alkawarin, ta toshe baki da mayafi kada su ji kukanta.

Gwaggo ta ce to a kira shi a waya mana. Baba ya ce a'a, da ƙafa ya zo aka kore shi, da ƙafa za a je a ba shi haƙuri. Ya sa babbar rigarsa, ya hau mota biyu zuwa ƙarshen gari. Ya sami Injiniya a kan rufin otal yana gyaran tankin ruwan zafi, ya tsaya a rana har ya sauko. Abin da suka faɗa wa juna ba wanda ya ji, ma'aikatan wurin dai sun ce sun ga tsoho ya riƙe hannun saurayi ya daɗe bai saki ba.

Da la'asar wayar Auta ta yi ƙara. Ta buɗe.

"Sanyina, Baba ya sake ni daga alkawari. Na karanta saƙonninki duka, talatin da ɗaya, kowanne ya fi sau goma. Ban daina ba ko na minti ɗaya. Me ya sa kika faɗa masa?"

Ta rubuta: "Saboda na gaji da jin ana zaginka ina cin abinci. Ka yafe mini, Injiniyana." Wannan karon sai da ta tabbatar saƙon ya tafi kafin ta ajiye wayar.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ba a yi wani gagarumin taro ba, dangi ne da maƙwabta da matan ɗakin wanki, waɗanda suka zo da zannuwan gado sababbi fil, suna tsokanar ango cewa a gidansa dai kada su ji labarin yoyo. A cikin lambun aka jera kujeru. Gwaggo ta ce ko ba komai yanzu an sami fili, ta yi dariya, sai kuma ta juya tana share ido. Rijiyar tana nan a rufe da faranti na ƙarfe, damina ba ta dawo da ita ba. Auta ta zauna cikin ƙawayenta, farin ciki da baƙin ciki sun haɗu mata wuri guda, ba ta san wanne take yi wa hawaye ba.

Da za a tafi da ita, Baba ya sa aka kira su su biyu. Suka durƙusa a gabansa a tsakiyar filin, kusa da kututturan. Ya yi musu addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya raba su da ƙishi da rashin gaskiya, jama'a suna amsawa da amin. Ya ɗora hannu a kan Auta ya ce ya yafe mata duniya da lahira, kuma ya san Inna ma da tana nan da ta yafe. Sannan ya kamo hannunta ya sa a cikin na Injiniya, ya dubi filin daga wannan bango zuwa wancan.

"Ɗana, shekara talatin ni da uwarta muna raino a wurin nan. Ita kaɗai ta rage mini da rai. Ga ta nan, ka riƙe ta da kyau. Allah ya yi muku albarka."